Samuel Bowles

Samuel Bowles masanin tattalin arziki ne Ba'amurke da aka haifa a 1939 a birnin New Haven na jihar Connecticut. Yana cikin malaman jami'a masu ra'ayin kawo sauyi da suka taso a ƙarshen shekarun 1960, waɗanda suka dage cewa ba za a fahimci tattalin arziki ba sai an duba dangantakar masu jari da ma'aikata, da yadda 'ya'ya suke gadar matsayin iyayensu.

Tasowarsa da karatunsa

Mahaifinsa, Chester Bowles, ya yi gwamnan Connecticut, sannan ya zama jakadan Amurka a Indiya daga 1951 zuwa 1953, don haka Samuel ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Delhi, inda aka sa shi makaranta tare da yaran Indiyawa. Ya sha ba da labarin cewa a can ne ya lura abokan karatunsa ba su gaza shi kaifin ƙwaƙwalwa ba, har ya tambayi mahaifiyarsa dalilin da ya sa Indiyawa suke fama da talauci alhali ga basira.

Ya kammala digirin farko a Jami'ar Yale a 1960. Daga nan ya zo Arewacin Nijeriya ya koyar a makarantar sakandare na kimanin shekara biyu, a daidai lokacin da ƙasar ta sami 'yancin kai. Zaman bai tafi a banza ba, domin kundin digirinsa na uku, wanda ya kammala a Harvard a 1965, a kan tsara kashe kuɗi a harkar ilimi ne, kuma Arewacin Nijeriya ya ɗauka a matsayin misali.

Shekarun Harvard

A Harvard ɗin ya fara koyarwa, kuma tun da wuri ya shiga takun-saƙa da hukuma, saboda ya ƙi sa hannu a rantsuwar biyayya da jihar Massachusetts ta wajabta wa malamai, dokar da kotu ta soke a 1967. A 1968 aka nemi shi da abokinsa Herbert Gintis su rubuta bayanai don gangamin talakawa da Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, yake shiryawa. Bowles ya ce a nan ne ya gane cewa ilimin da ya kwashe shekaru yana koya bai tanadi amsar tambayoyin da aka aiko musu ba. A shekarar ce kuma aka kafa ƙungiyar masana tattalin arziki masu ra'ayin sauyi, URPE, wadda yake cikin 'yan sahun farkonta.

Wajen 1972 sashen tattalin arziki ya hana shi kujerar dindindin, duk da goyon bayan manyan masana tattalin arziki irin su Kenneth Arrow da Wassily Leontief da John Kenneth Galbraith. Magoya bayansa sun ce siyasa ce, sashen kuwa ya musanta. Ba a jima ba Jami'ar Massachusetts da ke Amherst ta ɗauke shi tare da Gintis da Richard Edwards da Stephen Resnick da Richard Wolff, sashen tattalin arzikinta ya zama matattarar masu nazarin tsarin jari-hujja da ido irin na Karl Marx, masanin falsafar Jamus da ya soki tsarin.

Makaranta da gadon matsayi

Littafin da ya fito da sunansa shi ne Schooling in Capitalist America, wanda suka wallafa da Gintis a 1976. Hujjarsu ita ce tsarin makaranta hoton wurin aiki ne. Ɗalibi yana koyon zuwa a kan lokaci da bin umarnin na sama, yana kuma yin aiki don maki kamar yadda lebura yake yi don albashi, ba don daɗin aikin ba. Makarantun 'ya'yan ma'aikata sun fi matsa wa yara kan ladabi da bin doka, na 'ya'yan masu hannu da shuni kuwa suna sakar musu mara su saba da yanke shawara da shugabanci. Sun kawo alƙaluma da ke nuna cewa sakamakon gwajin basira bai bayyana galibin dalilin da ya sa ɗan mai kuɗi yake zama mai kuɗi ba.

Masu suka sun ce littafin ya mai da malamai da ɗalibai tamkar raƙumi da akala. Marubutan sun amsa wani ɓangare na sukar daga baya, amma ba su janye ainihin hujjar ba.

Ayyukansa na daga baya

A littafinsu Democracy and Capitalism na 1986, shi da Gintis sun fara nisanta daga Markisanci na gargajiya, wato aƙidar Marx. Sun fi mai da hankali kan iko a cikin kasuwa: mai ɗaukar aiki ba zai iya rubuta yawan ƙwazon da yake so a yarjejeniya ba, sai ya dogara da sa ido da barazanar kora. Daga wannan ne Bowles da masanin tattalin arziki Arjun Jayadev suka auna yawan mutanen da aikinsu tsaro ne da sa ido kawai, suka ga sun fi yawa a ƙasashen da tazarar arziki ta fi faɗi.

Bayan ya koma cibiyar bincike ta Santa Fe a Amurka da Jami'ar Siena ta Italiya, ya karkata ga asalin haɗin kai tsakanin 'yan Adam. A littafinsa The Moral Economy na 2016 ya kawo misalin gidajen renon yara a birnin Haifa na Isra'ila, inda aka sa tara ga iyayen da ke makara wajen ɗaukar 'ya'yansu, sai makarar ta ƙaru, domin iyayen sun ɗauki tarar a matsayin farashi, kunyar da ke hana su a da ta gushe.

Yana cikin waɗanda suka kafa shirin CORE tare da masaniyar tattalin arziki Wendy Carlin, wanda ke samar da littafin koyon tattalin arziki kyauta a intanet. An ba shi lambar yabo ta Leontief a 2006.