Daga ƙunar ganyen shinkafa zuwa maganin sikila

A majalisar manoma a Argungu, da zarar maganar irin zamani ta taso, kalma ɗaya ake jefawa: GMO, wato irin da aka sauya wa ƙwayar halitta. Abin yana damuna, domin an yi kuɗin goro ga abubuwan da ba ɗaya ba ne. Waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Zariya ta fitar a 2019, baƙuwar ƙwayar halitta aka dasa masa daga wata bakteriya don ya jure tsutsa. Gyaran ƙwayar halitta kuwa daban ne: DNA, wato rubutun gado da ke cikin shukar, ake taɓawa da wani irin almakashi, a wurin da aka nufa.

Almakashin farko, ZFN, ya bayyana a 1996 a Amurka. Yana yanka DNA, amma kowane wuri sai an ƙera masa sabon furotin, ga tsada ga wahala.

Na biyun ne ya fi taɓa ni. Duk wanda ya yi noman fadama ya san ciwon da ke sa ganyen shinkafa ya yi rawaya daga baki, ya bushe kamar an babbaka shi. Bakteriyar Xanthomonas ce ke jawo shi. Tana cusa wa shukar furotin da ke laluben wani gurbi a DNA, ya tilasta mata zubo sukari, bakteriyar kuma ta sha. A 2009 masana suka gano yadda furotin ɗin ke karanta haruffan DNA ɗaya bayan ɗaya, a 2010 suka liƙa masa wuƙa, aka sami TALEN. A 2012 aka juya makamin kan mai shi: aka gyara gurbin, aka sami shinkafar da ke jure cutar.

A shekarar ce Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana CRISPR, almakashi na uku, wanda ya kai su ga kyautar Nobel a 2020. Shi ba a sake ƙera furotin, ɗan jagoran RNA, wato guntun rubutun da ke nuna masa inda zai yanka, kawai ake sauyawa, shi ya sa ya yi araha ya bazu. Aibinsa, yana datse igiyar DNA gaba ɗaya, wani lokaci ma a inda ba a aike shi ba.

Daga nan ɗakin binciken David Liu ya kawo gyaran harafi ɗaya ba tare da datsewa ba a 2016, sai na 2019 mai goge 'yan haruffa ya rubuta wasu.

Nan sikila ta shigo, domin harafi ɗaya ne ya kauce a DNA ɗin mai ita. Casgevy, maganin da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, bai gyara harafin ba. Da CRISPR yake farkar da irin jinin da jariri ke da shi tun yana cikin mahaifa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Na ga uwa ta kwana tana gasa wa ɗanta gwiwa da tsumma da ruwan ɗumi a Birnin Kebbi, kuma wannan adadin ya ƙi fita raina.