Ma'anar OTG: me ya sa kebul kaɗai ba ya mayar da na'urar MP3 memorin na'urar wasa

Yanzu da wuya mai sharhin kayan lantarki a rediyo ko a bidiyo ya gama bayani bai ambaci OTG ba. Sai ka ji ana cewa tunda na'ura tana da OTG, matsalar memori ta ƙare, duk abin da ka jona zai zama ƙarin ma'aji. Wasu ma kowane ɗan guntun adafta da suka gani sai su kira shi OTG. Wannan maganar ce ke sa mutum ya ɗauko tsohuwar na'urar sauraron waƙa daga dirowa, ya sayo kebul, ya jona ta da na'urar wasan hannu, ya jira, shiru.

OTG gajarta On-The-Go ne, ƙarin ƙa'ida da aka yi wa USB 2.0 a 2001. Ba sunan kebul ba ne. A tsarin USB kowace jonawa tana da ubangida da yaro. Ubangida shi ke ba da wuta mai bolt 5, shi ke fara magana, shi ke tambayar ɗaya ɓangaren ko shi wane ne. Yaro amsawa kawai yake yi, ba ya buɗe baki sai an tambaye shi. Da can kwamfuta ce kaɗai ubangida. Abin da OTG ya kawo shi ne ƙaramar na'ura ta iya hawa wannan kujera idan buƙata ta taso. A ƙananan kanun USB da ake kira mini da micro akwai haƙori na biyar, kuma kebul ɗin da ake kira OTG ba abin da ya yi illa haɗa wannan haƙori da wayar ƙasa (ground) ta cikin kebul, domin na'urar ta gane ita ake so ta jagoranta. Sanarwa ce kawai. Idan ba a ƙera na'urar da ikon jagoranci ba, sanarwar ta tashi a banza.

Babu misalin da ya fi fito da wannan fili kamar PSP, na'urar wasan hannu ta Sony, da iPod, na'urar sauraron waƙa ta Apple. Sony ta fitar da PSP a Japan a ƙarshen 2004, tana aiki da katin Memory Stick Duo, wanda a lokacin ƙarami ne kuma mai tsada. A ɗaya aljihun kuwa ga iPod mai faifai na gigabait 20 ko 30, rabinsa fanko. Wa zai ga haka bai yi kwaɗayin haɗa su ba? Matsalar ita ce kafar mini-B da ke saman PSP ta yaro ce, iPod ma idan ana maganar ma'aji yaro ne. Ka haɗa su da kowane irin adafta, kowa zai zauna yana jiran ɗaya ya fara magana, babu mai ba da wuta, babu mai tambaya.

Hanyar da ke aiki ita ce a sa na uku a tsakiya, wato kwamfuta, ko ɗan akwati mai batir da ake sayarwa a lokacin don kwafe fayil daga wata na'ura zuwa wata. A iTunes, manhajar kwamfuta da ke sarrafa iPod, za ka kunna zaɓin amfani da iPod a matsayin faifai. A PSP za ka shiga saituna ka zaɓi USB Connection, katin ya bayyana kamar filas. Sannan ka kwashe abin da ka gama kallo daga katin zuwa iPod, ka ɗora sabo, ka kuma ajiye kwafin foldar PSP/SAVEDATA don kada ci gaban wasanka ya salwanta. Nan ma akwai tarko. iPod da aka saita a Mac yana da tsarin ajiye fayil na HFS+, wanda Windows ba ya karantawa ba tare da ƙarin manhaja ba, sai wanda aka saita a Windows ne ke da FAT32, tsarin da Windows ke karantawa. Waƙoƙin da iTunes ya ɗora kuma suna ɓoye a foldar iPod_Control da sunaye masu haruffa huɗu marasa ma'ana. iPod touch kuwa ba ya bayyana a matsayin faifai ko kaɗan.

Ka lura da abin da ya faru: PSP bai taɓa karanta komai kai tsaye daga iPod ba. Wurin ajiyar kaya ka samu, memorin na'urar bai ƙaru da ko bait ɗaya ba. A ganina wannan bambanci shi ne abin da masu talla suke hadiyewa da gangan, kuma ba daidai ba ne a sayar wa mutum kebul da sunan ƙarin memori alhali an san aikinsa bai kai nan ba.

A na'urorin yau masu USB-C haƙori na biyar ma babu shi. Adaftar C zuwa A tana ɗauke da resista mai kilo-om 5.1 wadda ke shaida wa na'ura ta jagoranta, don haka kiran ta OTG al'ada ce kawai da ta bi baki. Amma ko na'ura ta iya zama ubangida, saura manhaja ta yarda. Nintendo Switch tana karɓar kibod da abin sarrafa wasa ta USB, amma ba ta ajiye wasa a ma'ajin waje, sai a microSD. Duk kebul ɗin da ka sayo ba zai canza hakan ba.

Steam Deck, na'urar wasan hannu da ta fito a 2022 kuma take aiki da Linux, ita tana ganin ma'ajin waje. Sai dai dole na'urar waƙar ta gabatar da kanta a tsarin MSC, wato kamar filas. Idan ɗaya tsarin, MTP, take amfani da shi, kamar masu Android, kwafe fayil kawai za ka iya, ba za a kunna wasa daga kanta ba. Wasu, irin Sansa Clip, suna da wurin zaɓar ɗaya a saitunan USB. Bayan haka sai FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, ga shi wasannin zamani cike suke da irinsu. Idan ka yi wa na'urar waƙar fomatin zuwa ext4, tsarin fayil na Linux, don Linux ya ji daɗi, ita kanta ba za ta ƙara ganin waƙoƙinta ba, wata ma sai ta ƙi tashi.

Ga batun gudu. Wasu na'urorin waƙa masu araha a tsohon gudun megabit 12 suke, kimanin megabait 1 a daƙiƙa, ko da an rubuta USB 2.0 a kwali. Gigabait guda zai ci wajen minti 17. Mai cikakken gudu da ke ba da megabait 20 zai gama ƙasa da minti ɗaya. Don tsofaffin ƙananan wasanni, hotuna da kwafin ajiya ya wadatar, babban wasa kuwa zai riƙa tsayawa.

Wuta ma abin lura ce. Da zarar an jona, na'urar waƙar za ta fara jan caji, har miliamfiya 500, wato wat 2.5 daga batirin da kake wasa da shi. Mai faifai mai juyawa ta fi ja a lokacin tashi, kuma idan wutar ta gaza sai ta yanke tsakiyar rubutu. Ka cika ta da caji tukuna, ko ka yi amfani da mahaɗa mai shigar caja. Kafin ka zare kebul ka sallame ta daga manhaja ka jira saƙon amincewa, domin FAT32 ba ya ajiye tarihin rubutun da bai kammala ba, kuma zarewa ɗaya a mummunan lokaci tana iya lalata jadawalin fayiloli, waƙa da wasa duka.