Fahimtar jarirai game da aikin haɗin gwiwa

Fahimtar jarirai game da aikin haɗin gwiwa ɓangare ne na ilimin halayyar yara. Yana bincika lokacin da yaro yake fara gane cewa mutum biyu, kowa da abin da yake yi, buri ɗaya suka sa gaba. Tunda jariri ba ya magana, idonsa masu bincike suke bi. Sai a yi ta nuna masa abu guda har ya gundure shi, sannan a sauya wani abu a ciki. Idan ya tsaya ya ƙura ido fiye da da, alama ce ya ga abin da bai zata ba.

Da wannan dabara Amanda Woodward ta nuna a 1998 cewa ɗan wata shida yana lura da abin da hannun mutum yake nufin ɗauka, ba motsin hannun kawai ba. A 2011 ita da Annette Henderson suka gwada 'yan wata 14 da aikin mutum biyu. Wata mata ta buɗe akwati, wata kuma ta sa hannu ta ciro agwagwar roba. Bayan yaran sun saba, sai mai buɗewar ta miƙa hannu, wani lokaci ga akwatin, wani lokaci ga agwagwar. Akwatin ta yi ta taɓawa tun farko, amma yaran sun fi ƙura ido idan shi ta kama. Wato sun riga sun gane cewa agwagwar take so, buɗe akwatin rabonta ne kawai na aikin. Wannan ba ƙaramin hankali ba ne ga yaron da tafiyarsa ma ba ta gama nuna ba. 'Yan wata 10 ba sa nuna haka, sai idan an fara sa su cikin aikin da kansu, kamar yadda Henderson da abokan aikinta suka gano a 2013.

A Cibiyar Max Planck da ke Leipzig ta Jamus, Felix Warneken, Frances Chen da Michael Tomasello sun sa 'yan wata 18 da 24 wasa da babban mutum a 2006. Ana tsakiyar wasa sai babban ya tsaya cak. Yaran suka riƙa jawo hankalinsa, suna nuna masa abin wasan, suna tura masa shi don ya dawo. Ƙananan birai nau'in cimpanzi da aka gwada ba su taɓa neman dawo da shi ba.

Ba duk sakamako ne ya tsaya da ƙafarsa ba. A 2007 Kiley Hamlin, Karen Wynn da Paul Bloom na Jami'ar Yale sun ba da rahoton cewa 'yan wata 6 da 10 sun fi zaɓar 'yar tsanar da ta taimaki wata hawa tudu a kan wadda ta turo ta ƙasa. Da ɗakunan bincike masu yawa suka haɗu suka maimaita gwajin a ƙarƙashin shirin ManyBabies, sakamakon da ya fito a 2024 bai nuna wannan fifikon ba. Akwai kuma babban giɓi: yawancin yaran da aka gwada 'yan Turai da Arewacin Amurka ne, yaran da suke tashi a goye cikin babban gida kuwa kaɗan ne aka duba.