Kafin Ka Kai Yara Wurin Wasa: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar Sallah ko hutun makaranta ya ƙarato, iyaye a Kaduna kan fara shawarar inda za su kai yara. Ga tambayoyin da aka fi yi mini.

Wace rana ta fi dacewa?

Ba ranar Sallah ba, ba kuma washegarinta ba. A ranakun nan gari kaf ya fito, sai yaro ya daɗe a layi saboda lilon da ba zai wuce 'yan mintuna ba. In da hali a jinkirta zuwa kwana na huɗu, a kuma isa da hantsi. A duba sama ma. Agusta lokacin dogon hutu ne, amma tsakiyar damina ce, kuma da hadari ya taso ake tsayar da lilon da ke fili. A Maris da Afrilu kuwa, ƙarfen kujerar kansa ba ya taɓuwa da tsakar rana.

In na biya kuɗin ƙofa, shi ke nan?

A wurare da dama a'a. Shiga daban, kowane lilo da tikitinsa. Ka tambaya tun daga gida: nawa ne ƙofa, nawa ne hawa, ana shiga da abinci, kuma waɗanne na'urori ne ke aiki a makon, domin hoton Facebook ba ya nuna wadda ta lalace. Ka riƙe tsabar kuɗi ko da za ka biya da kati.

Me ya sa ake hana wasu yara hawa?

Wannan ce ta fi ci mini rai, don na gani da idona. Ɗiyar ƙanwata mai shekara shida ta kwana biyu tana zancen jirgin nan mai hawa da gangarowa. Da layi ya zo kanmu a wani wurin wasa, ma'aikaci ya jingina ta da allo mai zane, kanta bai kai zanen ba. Ta riƙe gefen rigata tana kallon yayyenta suna hawa, hawaye na zuba ba ta ce uffan ba. Mutumin yana da gaskiya. Ƙarfen da ke riƙe mahayi an yi shi ne daidai wani tsayi, ƙaramin jiki na iya sulluɓewa ta ƙarƙashinsa, shi ya sa ko a Disneyland tsayi ake aunawa. Laifina ne da na yi mata alkawari ban bincika ba. Ka auna yaranka a gida, kada ka ambaci lilon da ba ka tabbatar ba.

A tsaya Kaduna ko a tafi Abuja?

Ga ƙanana, wurin shaƙatawa na Gamji da ke Kaduna ya wadatar: ga inuwa a bakin Kogin Kaduna, ga gadar Lugard da aka fara ginawa a Zungeru a 1904. Manyan yara masu son lilo mai tsinka zuciya za su fi jin daɗin Magic Land da ke kusa da ƙofar shiga Abuja. Jirgin ƙasa na tashi daga tashar Rigasa a Kaduna zuwa ta Idu a Abuja tun 2016, sai dai tikiti kan ƙare da wuri lokacin bukukuwa, don haka a sayi na zuwa da na dawowa tun da wuri.

In yaro ya ɓace a cunkoso fa?

Da shigarku ka nuna musu wuri ɗaya da za a haɗu. Ƙaramin da bai haddace lambar wayarka ba, rubuta ta a takarda ka sa masa a aljihu.