Jam band

Jam band laƙabi ne da ake yi wa ƙungiyar makaɗa wadda ƙarfinta yake kan dandamali fiye da cikin faifai, wadda kuma ba ta kaɗa waƙa iri ɗaya sau biyu. Kalmar ta Turanci ce. A bakin makaɗan jaz na Amurka, "jam" shi ne zaman da makaɗa kan yi su saki hannu, wannan ya ɗauko, wancan ya amsa, ba tare da an rubuta musu inda za su dosa ba. Salon ya taso ne a Amurka a tsakiyar shekarun 1960, amma sunan bai bazu ba sai bayan kusan shekara talatin. Ana yawan haɗa shi da indie rock a baki ɗaya, alhali ma'aunin da ake auna su da shi daban ne. Shi indie ana duba wanda ya buga faifan da yadda aka sayar da shi, shi kuwa jam band ana duba abin da ke faruwa a wurin wasa.

Asalin sunan

Babu wanda ake jingina wa ƙirƙirar kalmar kai tsaye. Ta fara yawo a farkon shekarun 1990, kuma galibi ana danganta yaɗuwarta ga marubuci Dean Budnick, wanda ya wallafa littafi a kan waɗannan ƙungiyoyi a 1998. A shekarar 2000 aka fara ba da lambobin yabo na Jammys a birnin Niyok. Ƙungiyoyin da ake ɗauka iyayen salon sun yi zamaninsu ba su san ana kiransu haka ba.

Grateful Dead

Duk bayanin jam band daga nan yake farawa. An kafa Grateful Dead a 1965 a yankin Palo Alto na jihar Kalifoniya, da farko da sunan Warlocks. Mutum biyar ne: Jerry Garcia, Bob Weir, Phil Lesh, Bill Kreutzmann da Ron McKernan, sai Mickey Hart da ya shigo a 1967 ya zama mai ganga na biyu. Abin da ya ba su kamanninsu shi ne kowa da makarantar da ya fito. Garcia ɗan kiɗan gargajiyar ƙauyukan Amurka ne, ya daɗe yana kaɗa banjo kafin ya riƙe jitar lantarki. McKernan a kiɗan buluz ya tashi. Lesh kuwa da gogen Turawa ya fara, sannan ya koma busa kakakin Turawa, ya yi karatun tsara kiɗa, har ya zauna a ajin Luciano Berio, mai tsara kiɗa ɗan Italiya, kuma bai taɓa riƙe jitar bas ba sai da aka gayyace shi ƙungiyar. Shi ya sa bas ɗinsa ba ya tsayawa a baya yana riƙe taki kamar yadda aka saba, yakan fito fili ya yi tasa maganar. Wasunsu sun sha faɗin irin tasirin da makaɗin jaz John Coltrane ya yi musu, musamman yadda yake tsayawa kan sauti ɗaya ya yi ta juya shi na tsawon lokaci.

Wasu daga cikin wasanninsu na farko sun yi su ne a tarukan da marubuci Ken Kesey ke shiryawa, inda ake shan ƙwayar LSD tun kafin Kalifoniya ta haramta ta a 1966. A can babu mai jiran su kammala waƙa cikin minti uku, sai suka saba da jan zare. Faifansu na 1969 da aka naɗa a gaban jama'a yana ɗauke da "Dark Star" mai tsawon kusan minti 23, wadda kalmominta ba su wuce 'yan baituka ba, sauran duk tafiya ce ta kayan kiɗa.

A 1974 suka riƙa yawo da wata katangar lasifika kusan 600 da mai kula musu da sauti, Owsley Stanley, ya jagoranci tsarawa, don na can ƙarshen fili ya ji abin da na gaba yake ji. Tsadar ɗaukarta da kafa ta ya sa ba ta wuce shekarar ba. A watan Satumba na 1978 sun yi wasa dare uku a gindin dalar Giza a Masar, tare da Hamza El Din, makaɗin udu, wato molon Larabawa, ɗan ƙabilar Nuba. Akwai kuma igiyar da ta haɗa su da Najeriya. Mickey Hart ya yi aiki da Babatunde Olatunji da Sikiru Adepoju, gwanin gangar Yarabawa mai magana irin kalangu, a faifan Planet Drum na 1991, wanda ya ci lambar Grammy ta farko da aka ware wa kiɗan duniya.

Cikin shekara talatin sun yi wasa fiye da 2,300, amma waƙarsu ɗaya ce kawai ta shiga goman farko a jadawalin Amurka, a 1987. Wasansu na ƙarshe ya kasance a Soldier Field na Cikago ran 9 ga Yuli 1995. Garcia ya rasu ran 9 ga Agusta na shekarar.

Allman Brothers Band

An kafa ta a 1969 a Jacksonville ta jihar Fulorida, ta zauna a Macon ta Jojiya. Ita ma masu ganga biyu gare ta, da jita biyu a gaba, ta Duane Allman da ta Dickey Betts. Faifan da suka naɗa a gidan wasa na Fillmore East da ke Niyok a 1971 na cikin waɗanda aka fi girmamawa a wannan fanni. Duane ya rasu a hatsarin babur a watan Oktoba na wannan shekarar. A Yuli 1973 su da Grateful Dead da The Band suka yi wasa a Watkins Glen, inda aka ƙiyasta mutum 600,000.

Siffofin da ake gane ta da su

Tsawon waƙa kaɗai ba ya mai da ƙungiya jam band, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure. Akwai ƙungiyoyin rok masu waƙar minti ashirin da suke kaɗa ta daidai wa daida kowane dare, kowace gaɓa a haddace. Akwai kuma masu barin gwanin jita ya yi ta nuna bajinta, sauran na riƙe masa taki. Abin da ake nema a jam band shi ne ƙirƙirar ta zama ta kowa. Mai bas yana iya karkatar da kiɗan, mai ganga ya rage gudu, mai fiyano ya jefo wani sauti, sauran su bi, har waƙar ta bar gidanta ta shiga inda babu wanda ya shirya. Wani dare a dace, wani dare a yi ta lalube ba a samu komai ba. Masoya sun yarda da wannan cinikin, don haka suke zuwa.

Jerin waƙoƙi na sauyawa kullum. Bisa al'adar da aka gada daga Grateful Dead, wasa kashi biyu ne da hutu a tsakani. Kashin farko na gajerun waƙoƙi ne, na biyu kuwa a nan ake nutsewa, waƙa ta narke cikin wata ba tare da an tsaya ba. Masu rubuta jerin waƙoƙin dare kan sa alamar > tsakanin sunaye biyu don nuna wannan narkewar, kuma gogaggen masoyi yana iya duban takardar ya gane irin daren da aka yi.

Tun da daren jiya ba zai dawo ba, sai aka samu masu bin ƙungiya gari gari. Na Grateful Dead ana ce musu Deadheads. Filin ajiye motoci kan zama kasuwa tun da rana, ana sayar da riguna masu rinin launi launi da abinci don a samu kuɗin mai da na tikitin gobe. Wanda bai samu tikiti ba yakan zagaya da yatsa ɗaya a sama, ko Allah zai sa wani ya ba shi kyauta.

Naɗar kaset

Wannan shi ne ginshiƙin da ya riƙe al'adar. Yawancin ƙungiyoyi na ɗaukar mai naɗar wasansu a matsayin ɓarawo. Grateful Dead sun daɗe suna kau da kai, sannan a 1984 suka keɓe wa masu naɗa wuri na musamman a bayan teburin sauti, inda za ka ga dogayen sanduna sun yi cirko cirko, kowace da makirufo a kanta. Sharaɗi ɗaya ne: a yi musaya, kada a sayar. Sabon shiga kan aika wa tsohon hannu kaset marar komai da kan sarki, a cika masa a mayar. A jikin kaset ɗin ana rubuta kwanan wata da sunan gari, shi ya sa har yau masoya ke kiran wasa da kwanansa. Wanda aka yi ran 8 ga Mayu 1977 a Jami'ar Cornell ta wannan hanya ya yi suna, daga baya Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin rajistar naɗe-naɗen da ake adanawa. Mujallar Relix, da aka fara a 1974, asalinta takarda ce ta haɗa masu musayar kaset. Daga 2002 dubban irin waɗannan naɗe-naɗe suka koma rumbun Internet Archive.

Zuriya ta biyu

Phish ta fara a 1983 a Jami'ar Vermont da ke Burlington. Tun 1986 mutum huɗun nan ne: Trey Anastasio, Mike Gordon, Jon Fishman da Page McConnell. Ba kwaikwayon Grateful Dead suke yi ba, waƙoƙinsu na farko suna da sassa masu sarƙaƙiya da aka tsara tsaf, sai an ƙetare su ake sakin linzami. Bayan rasuwar Garcia jama'arsu ta ƙaru ƙwarai. A daren shiga shekarar 2000, a Big Cypress ta Fulorida, sun hau dandamali da tsakar dare ba su sauka ba sai fitowar rana, sama da awa bakwai, a gaban mutum kimanin 80,000. Sun watse a 2004, suka dawo a 2009. A 2017 sun yi dare 13 a Madison Square Garden ba su maimaita waƙa ko ɗaya ba.

Tare da su akwai Widespread Panic daga Athens ta Jojiya, da Blues Traveler waɗanda suka assasa rangadin H.O.R.D.E. a 1992, da moe., da String Cheese Incident, da Umphrey's McGee. Bikin Bonnaroo na jihar Tennessee, da aka fara a 2002, don irin waɗannan ƙungiyoyi aka kafa shi kafin ya buɗe ƙofa ga kowa.

Indie rock

Indie gutsuren kalmar Turanci ce mai nufin cin gashin kai. Da farko tana nufin faifan da ƙaramin kamfani ya buga ba tare da hannun manyan kamfanoni ba. Ana yawan kafa misali da faifan da Buzzcocks na Mancesta suka buga da kuɗinsu a 1977. Kamfanoni irin su Rough Trade da Factory suka biyo baya a Birtaniya, aka fara jadawalin cinikin faifan indie a 1980. A Amurka akwai SST da Dischord, daga baya Sub Pop da Matador da Merge, gidajen rediyon jami'o'i na yaɗa su. Da tafiya ta yi tafiya, musamman bayan Nirvana ta koma babban kamfani ta yi kasuwa a 1991, kalmar ta fara nufin wani irin sauti da ɗabi'a, ko da wane ne ya buga faifan.

Inda suka rabu da inda suka haɗu

Indie jikan kiɗan punk rock ne na ƙarshen shekarun 1970, wanda ya taso da ƙin doguwar jita da duk abin da ya shafi 'yan hippie, matasan shekarun 1960 masu bijire wa al'ada. Saboda haka aka daɗe ana kallon juna a kaikaice. Masu sharhin indie na ganin jam band ba su iya rubuta waƙa ba, su kuma na ganin 'yan indie ba su iya kayan kiɗansu ba.

Amma in aka duba harkar kuɗi, jam band sun fi da yawa cikin 'yan indie cin gashin kai. Grateful Dead sun kafa kamfanin faifansu a 1973, suka fara sayar da tikiti ta gidan waya a 1983. Phish ta cika filaye ba tare da rediyo ta taimaka mata ba. Ta fuskar kiɗa ma katangar ba ta taɓa yin tsawo ba. Greg Ginn, wanda ya kafa SST, masoyin Grateful Dead ne, haka ma Lee Ranaldo na Sonic Youth. Television, da Sonic Youth, da Yo La Tengo, da Built to Spill duk suna da waƙoƙin da ke haura minti goma. My Morning Jacket sun yi wasan kusan awa huɗu a Bonnaroo a 2008. A 2016 Aaron da Bryce Dessner na ƙungiyar The National suka tattara mawaƙa, galibinsu 'yan indie, suka sake rera waƙoƙin Grateful Dead 59 a kundi ɗaya. Duk da haka ba a cika kiran waɗannan jam band ba, domin har yanzu faifai ne cibiyar aikinsu, wasa yana biye da shi.

Saɓani

Ana jayayya kan Dave Matthews Band: suna barin a naɗa, suna sauya jerin waƙoƙi, amma wasu na ganin ƙirƙirarsu ba ta nisa. Ƙungiyoyi da dama sun ƙi laƙabin, Gregg Allman na Allman Brothers Band ma ya nuna bai yarda da shi ba. Batun ƙwaya a wuraren wasa ya daɗe yana jawo suka da kame.

Halin yanzu

Dead & Company, wadda ta haɗa wasu tsofaffin 'yan Grateful Dead da John Mayer, ta fara a 2015. Phil Lesh ya rasu a Oktoba 2024. Cikin sababbi akwai Goose daga Connecticut, waɗanda suka ɗauki rubutun waƙa irin na indie suka haɗa da doguwar ƙirƙira, da King Gizzard & the Lizard Wizard daga Melbourne ta Ostareliya, masu wasan awa uku da ke ba masoya izinin buga naɗe-naɗen wasanninsu da kansu.