Maganin gargajiya na saran maciji a ƙasar Adar

A ƙasar Adar, cikin karkarar jihar Tawa ta Nijar, wanda maciji ya sara yakan fara zuwa wurin boka ko gardi kafin asibiti. Saran ya fi yawa da damina da lokacin girbi, ga manoma da makiyaya, galibi a ƙafa ko a hannun da aka cusa ƙarƙashin damin hatsi. Macizan da suka fi ɓarna su ne kububuwa, kasa da gamsheƙa.

Cikin itatuwan da aka fi amfani da su akwai sabara, saiwar gwandar daji, saiwar sanya da ɓawon ɗorawa. Ana daka ganyen sabara ɗanye a shafa a bakin saran, ko a jiƙa garin saiwa a ba mutum ya sha har ya yi amai. Wasu masu magani suna yin tsaga da aska, su ɗaure ƙafar da igiya, su manna baƙin dutse, wanda ƙonannen ƙashin saniya ne.

An ga ruwan wasu daga cikin itatuwan nan yana rage ƙarfin dafi a ɗakin gwaji, amma babu wanda aka tabbatar yana ceton ran mutum. Abin da ke sa jama'a yarda da su shi ne sau da yawa maciji yakan yi sara bai zuba dafi ba, mutum ya tashi lafiya, a ce aikin magani ne. Amai kuwa ba ya fitar da dafi, domin dafin yana cikin tsoka da jini. Baƙin dutse ma an gwada shi, ba ya tsotse dafin.

Babban haɗarin yana ga kububuwa. Dafinta yana hana jini daskarewa, kuma mutum kan yi kwana ɗaya ko biyu da ɗan kumburi kawai, sannan jini ya fara fita ta dasashi, ta hanci ko cikin fitsari. A jikin irin wannan mutum, tsaga ba ta daina zubar da jini. Ɗauri mai tsanani na tsawon sa'o'i yana kashe nama har a kai ga yanke ƙafa. Saiwar sanya ita kanta guba ce idan aka zarce kima.

Abin da ya kamata shi ne a kwantar da mutum, a cire zobe, munduwa da takalmi kafin kumburi, a ɗora wa ƙafar sanda kamar ta karaya, a ɗauke shi a amalanke ko babur zuwa asibiti, kada ya yi tafiya. Idan gamsheƙa ta tofa dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take. A asibiti ana zuba jini mililita 2 a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta; idan bai daskare cikin minti 20 ba, sai allurar kashe dafi ta jijiya. Tsadarta da nisan asibiti ne ke tsayar da iyalai da yawa a gidan boka, har a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka saran maciji cikin cututtukan da aka yi watsi da su.