Me ake nufi da "the cure" a ƙasar Ireland?

A ƙauyukan Ireland, idan aka ce wane yana da "the cure", ba kwalbar magani ake nufi ba. A Turanci kalmar na nufin waraka, amma a bakin mutanen can baiwa ce da ke jikin mutum ɗaya, ta warkar da cuta guda tak. Kalmar Hausa da ta fi kusa da ita, a ganina, ita ce laƙani.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda ake samun ta. Wani gado ya yi, kuma a gidaje da yawa namiji mace yake ba wa, mace kuma ta ba namiji. Wani kuwa haihuwarsa ce ta ba shi. Ɗa na bakwai wanda mahaifinsa ma ɗa na bakwai ne, shi ake kai wa mai makero. Wanda aka haifa bayan rasuwar mahaifinsa, shi ke hura iska a bakin jaririn da farar cutar baki ta kama. Matar da ta auri mai sunan dangi irin nata kuma, gurasar hannunta maganin tarin shiƙa ce. Ba karatu, ba koyo.

Sharaɗin da aka fi riƙewa: ba a karɓar kuɗi. Sun yi imani in aka sayar, baiwar ta tafi. Shi ya sa mai ita yawanci manomi ne ko matar gida, kuma ta bakin maƙwabta ake jin labarinsa.

An san waɗannan dalla-dalla ne saboda daga 1937 zuwa 1939 hukumar tattara al'adun ƙasar ta sa 'yan firamare sama da 50,000 suka rubuta abin da tsofaffi suka faɗa musu, har da magunguna.

Yana aiki? Wani lokaci makero kan yi sauƙi da kansa, tarin shiƙa kuwa allurar rigakafi ce ke hana shi, ba gurasa ba. Sai dai akwai Boho, a Ireland ta Arewa, inda masu neman waraka ke ɗibar ƙasar kabarin wani limamin coci, James McGirr, da ya rasu a 1815. A 2018 masu bincike suka gano wata ƙwayar bakteriya a cikin ƙasar yankin, wadda a ɗakin gwaji ta hana wasu ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani yaɗuwa. Mutanen Boho dai a ƙyalle suke ƙulle ƙasar, su sa ƙarƙashin matashi, bayan 'yan kwanaki su mayar da ita kabarin.